Bikin Makaɗa Mata na Jaz da Matsayin Waƙar Mata a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya nazarci waƙar baka ta Hausa ya san ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun yi fice wajen makaɗa. A ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗankwairo, ya tashi da kiɗan noma a hannun mahaifinsa, kana ya koma kiɗan fada a Maradun, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, wanda a ke yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, ya kuwa shahara da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara. Haka nan Ibrahim Gurso na Mafara da Amali Sububu, mawaƙin manoma. Amma fa in aka ce a lissafa mata mawaƙa na wannan yanki da sunayensu, sai lissafin ya tsaya, alhali kuwa babu ƙauyen da ba a jin muryar mace tana waƙa a cikinsa. Wannan matsala ta taɓa samun kiɗan jaz a Amurka, kuma dabarar da aka yi a can ta isa a duba.

Yadda aka yi a Amurka

Jaz kiɗa ne da baƙar fatan Amurka suka ƙaga a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Tun farkonsa aka yi rabon aiki tsakanin maza da mata. An yarda mace ta rera waƙa ko ta kaɗa fiyano, amma ganguna da kayan busa sai aka ɗauke su na maza ne. Saboda haka sunayen mawaƙa kamar Bessie Smith da Ella Fitzgerald suka cika duniya, makaɗa mata kuwa aka riƙa mantawa da su. Akwai ƙungiyar International Sweethearts of Rhythm, wadda aka kafa a 1937 a wata makaranta ta Piney Woods a Jihar Mississippi, mata zalla, suna busa suna kiɗa. Akwai Melba Liston, mabusa kuma gwanar tsara kiɗa, wadda ta tsara wa Randy Weston faifansa na Uhuru Afrika a 1960. Akwai kuma Mary Lou Williams, wadda aka haifa a 1910 ta rasu a 1981, gwanar fiyano ce, ta tsara wa Duke Ellington da Benny Goodman kiɗa, samarin makaɗa irin su Thelonious Monk kuma suna zuwa gidanta ana ƙaruwa da juna.

A 1978 wasu mata biyu, Carol Comer da Dianne Gregg, suka shirya bikin jaz na mata a Kansas City, aka yi shekaru ana yinsa. A 1996 kuma, watau shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, Billy Taylor ya kafa wani bikin a Cibiyar Kennedy ta birnin Washington, aka sa masa sunan Mary Lou Williams, aka riƙa yinsa shekara shekara. Amfanin irin wannan biki uku ne. Na ɗaya, ana rubuta sunan kowace makaɗiya da abin da ta kaɗa. Na biyu, ana ɗaukar kiɗan a ajiye. Na uku, ƙananan 'yan mata suna ganin mace riƙe da kayan busa, su san ba haramiyarsu ba ce. Ba a rasa masu suka ba, don wasu makaɗa mata sun ce keɓe su da biki tamkar a ce ba su kai maza ba ne. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ba ta kawar da amfanin ajiye suna da murya ba.

Rabon kiɗa a ƙasar Hausa

Rabon kayan kiɗa a ƙasar Hausa ya fi na jaz tsanani. Kotso da taushi da kalangu da ganga na maza ne. Mata kuwa kayan kiɗansu kayan aikinsu ne: turmi da taɓarya wajen lugude, dutsen niƙa, ƙwarya, da shantu, watau doguwar duma da a ke bugawa a cinya. 'Yan mata suna da gaɗa a dandali, tafi ne kiɗanta. Akwai waƙar raino, da waƙoƙin kai amarya, da kiɗan amada na ƙorai waɗanda a kan kifa wasu cikin ruwa. Akwai kuma zabiya, wadda ke waƙar yabo da guɗa a wurin biki ko a gidan sarauta.

To, me ya sa sunan Ɗankwairo ya tabbata, na matan garinsu ya ɓace? Ba rashin fasaha ba ne. Makaɗin fada yana da ubangida mai ba shi doki da riga da hatsi, yana da 'yan amshi masu hardace waƙa, yana da ɗa mai gado. Kowace salla kuma yana da ranar fita gaban jama'a, wadda ita ce bikinsa na shekara. Da gidajen rediyo suka zo, shi suka tarar a shirye, suka ɗauka. Waƙar mace kuwa a cikin gida a ke yinta, mata ne masu sauraro, ba ta da mai ita, kowace ta karɓa ta ƙara nata ɗiyan. Matan da sunansu ya fita, kamar Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su ne waɗanda suka kafa ƙungiya suka kai ga rediyo da kaset. Wannan ya nuna hanyar ajiya ce mata suka rasa.

Abin da ke cikin haɗari

Waƙar aiki ba ta rayuwa in aikin ya mutu. Injin niƙa ya kori dutse, injin sussuka da na casa suna korar turmi, waƙoƙin kuwa suna binsu. Gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, ya tada ƙauyuka da dama daga mazauninsu. Rashin tsaro na shekarun baya bayan nan ya sake watsa mutanen karkara, ya rage wasan dandali da dare. Ga masanin harshe hasarar babba ce, gama a bakin tsofaffin mata a ke samun Zamfarci tsantsa, da kalmomin girki da na saƙa da na haihuwa, da salon habaici tsakanin kishiyoyi, abubuwan da waƙar fada ba ta damu da su ba.

Abin da ya dace da Zamfara

Ba a ce a kwaso bikin Washington a dasa a Bakura yadda ya ke ba. Yawancin masu waɗannan waƙoƙi matan aure ne da tsofaffi, ba kuwa za su hau dandamali gaban maza ba, al'ada da addini ba su ba da wannan ba. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: rana guda sananniya kowace shekara, da rubuta suna, da ɗaukar murya. Taron mata zalla a makarantar 'yan mata, ko a cikin gidan sarki bayan kaka, ya wadatar, mata ne za su shirya, su ne za su ɗauka. A nemi izinin kowace mawaƙiya, a rubuta sunanta in ta yarda, da garinsu, da wadda ta koya mata, da lokacin da a ke yin waƙar. A kuma biya ta ladanta kamar yadda a ke yi wa makaɗi.

Malaman kwalejojin horon malamai su suka fi kowa ikon fara wannan aiki, domin ɗalibansu mata suna shiga inda mai bincike namiji ba shi shiga. In kowace ɗaliba ta komo daga hutu da waƙa biyar na kakarta, rubutattu da karin harshen da aka rera su, cikin 'yan shekaru sashen Hausa zai sami taskar da zai jera kusa da ta Ɗankwairo da Sa'idu Faru, a san cewa gari ɗaya ya haife su.