Kyamara mai wani: Sakan 28 kacal, sai a sake murɗawa

Dattawan Dutsin-Ma da Kurfi da su ka ga zamanin En'e ba su manta da daren majigi ba: mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan isha'i gari ya fito. Abin da 'yan kallo ba su gani ba shi ne na'urar da ke ɗauko hotunan. Da yawa daga kyamarorin da ake fita daji da su a lokacin ba su san batir ba, balle wutar NEPA. Wani ake yi masu, kamar agogon bango ko garmaho.

Fitattun su biyu ne: Filmo ta kamfanin Bell & Howell na Amurka, wadda ta fito a 1923, da Bolex H16 ta ƙasar Suwizalan, 1935. Duk fim mai faɗin milimita 16 su ke ci. A cikin su akwai naɗaɗɗen sifirin na ƙarfe. Mai ɗauka zai kama mariƙin da ke gefe ya yi ta murɗawa har ya ji ta cije, to nan zai tsaya, kada ya tilasta. Da ya danna maɓalli sifirin ya fara warwarewa, ya na jan fim hoto 24 a kowane sakan. Cikakken wani a Bolex sakan 28 ya ke kaiwa, ko kusa da haka. Naɗin fim mai ƙafa 100 kuwa bai cika minti 3 ba, ka ga kafin ya ƙare an murɗa kamar sau 6.

To a haka wa zai yi fim? An yi, kuma a nan maƙwabta. A 1946 wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya taɓa aikin injiniya a Nijar, ya sayi tsohuwar Bell & Howell a kasuwar gwanjo ta Faris, ya bi Kogin Kwara a kwalekwale da abokan shi biyu. A hanya ya rasa ƙafar da ake ɗora kyamarar, dole ya koma riƙe ta a hannu, abin da ƙwararrun lokacin su ke ganin ganganci ne. A haka ya ɗauki farautar dorina a yankin Ayoru. Tunda kowace ɗauka ba ta wuce sakan ashirin da 'yan kai, sai ya maida lokacin murɗawa na tunani: hannu na aiki, ido na neman inda zai koma ya tsaya. Kafin ya bar wurin kusan ya gama tace fim ɗin a ka.

Murya fa? Babu. Ƙarar injin ta yi yawa, gudun shi kuma ba ya daidaita da rikoda, sai daga baya a ɗora magana. Haka aka yi 'Moi, un noir' na 1958, inda wani ɗan Nijar mai dako a tashar jirgin ruwan Abijan, Oumarou Ganda, ya zauna ya na kallon hoton shi ya na zuba zance a kai. Gandan nan ne ya zama darakta, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Shi kuwa Rouch, haɗarin mota ya yi ajalin shi a 2004 kusa da Birnin Ƙonni.

Mai karatu ya kwatanta da lokeshin ɗin mu. Tun daga 'Turmin Danya' a 1990 industiri ta tashi a kan kaset mai arha, yanzu ga kati ga waya. Yaro zai kai jarumai bakin dam ɗin Zobe bai san inda zai aje kyamara ba, a yi ta "a sake!" har rana ta faɗi, edita ya kwana cikin shirgi. Ba laifin kaya ba ne. Amma da kowace dannawa kuɗi ce ke ƙonewa, ai da an yi rihazal tun a gida.

Wanda Allah ya sa ya tsinci irin ta a akwatin kakan shi ko wurin 'yan gwangwan, kada ya yi saurin sayar da ita a kilo. Ya yi mata wani kaɗan ya saurara. In ta na tafiya sumul ba gargada, da ran ta. Sai dai kada ya sake ta a gudun 64 alhali babu fim a ciki, haƙoran ta za su ci juna.

Babban abokin gabar ta a nan ƙasar shi ne ƙurar hunturu. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta maƙale a 'yar tagar da fim ke wucewa, za ta ja zane tun daga farkon naɗi har ƙarshe, kuma ba za a sani ba sai an wanko. Don haka bayan kowane naɗi a hure wurin, a bi shi da burushi mai laushi. In akwai abin da ya daskare a sa tsinken icce, ban da allura ko reza. Fim a inuwa ake loda shi, ba a tsakar rana ba. Kada a bar ta a mota cikin zafin bazara, kada kuma a ɗura mata man keken ɗinki don an ji ta yi nauyi, wannan aikin mai gyara ne.

In an tashi aiki, a cire fim a danna maɓalli har sifirin ya warware sarai kafin a rufe akwati, don in ya daɗe a ɗaure ƙarfin shi raguwa ya ke yi. Fim ɗin ma bai ɓace ba, har gobe Kodak na yin mai milimita 16.