Injin 2JZ: Ka Duba Harafin T Kafin Ka Biya Kuɗi

Yau maganar injin Toyota 2JZ-GTE za mu yi, wanda ya yi suna a cikin Supra ta 1993 zuwa 2002.

Lita 3 ne, silinda 6 a jere, turbo biyu. Na Japan ƙarfin doki 276 aka rubuta masa, na Amurka kuma 320. Juriyarsa daga gangar jikinsa take, don zubin baƙin ƙarfe ce, shi ya sa yake ɗaukar ƙarin matsin iska bai tsage ba.

To amma fa ga inda samari ke tafka asara. Wanda ke cikin tsofaffin Lexus IS300 da GS300 sunansa 2JZ-GE, ba shi da turbo. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma fistin ɗinsu ma ba iri ɗaya ba ne.

Dasa shi a wata mota kuwa, sai ka tanadi giyabos, wayoyi, kwamfutar inji, mazauninsa da lagireto mai girma. Sannan kar ka yi wasa da canjin baƙin mai, shi ne ran turbo.

Ɗan'uwa, karanta lambar injin da idonka kafin ka tura kuɗi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.