Shin Ko Kun San Rui Silva, Gwanin Tseren Mita 1500 Na Fotugal?

Shin ko kun san cewa Sporting ta birnin Lizbon, ƙungiyar da ta raini Cristiano Ronaldo, ba a ƙwallo kaɗai ta yi suna ba? Tana da sashen 'yan tsere, kuma a cikinsa ne Rui Silva ya shafe mafi yawan shekarunsa na gudu. An haife shi a garin Santarém a 1977.

Ko kun san tseren mita 1500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu na fili mai mita 400? Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya isa, sai da dabara da sanin lokacin da za a saki jiki. A nan Silva ya fi gwaninta.

Dubi tseren ƙarshe na mita 1500 a Olamfik ɗin 2004 a birnin Atens na Girka. Idon duniya yana kan Hicham El Guerrouj na Maroko, wanda zinaren Olamfik ya kuɓuce masa har sau biyu, da Bernard Lagat na Kenya. An fara tseren a hankali, Silva yana can baya kamar ba da shi ake yi ba. Da El Guerrouj ya ƙara wuta saura zagaye biyu, sai ɗan Fotugal ɗin ya shiga tsinke mutane ɗaya bayan ɗaya, ya cinye mita 800 na ƙarshe cikin kusan minti 1 da daƙiƙa 46. Ya zo na uku da 3:34.68, rabin daƙiƙa kacal bayan El Guerrouj mai zinare. A ganina wannan tagulla ta fi zinare da yawa daraja, domin a hannun manya ya ƙwato ta.

Shekara guda bayan haka ya sake cin tagulla a gasar duniya ta Helsinki.

Shin ko kun san a fili mai rufi, inda zagaye ɗaya mita 200 ne kuma kwana ta yi yawa, ya fi cin karensa babu babbaka? Ya zama zakaran Turai a 1998 da 2002, sannan ya sake a 2009 yana da shekara 31. A 2001 kuwa ya ɗauki kambun duniya a Lizbon, a gaban mutanen gida.

Lokacinsa mafi kyau, 3:30.07, a Monako ya kafa shi a 2002.

Ko kun san zinaren mita 1500 na gasar duniya ta fili buɗaɗɗe, wanda Silva bai samu ba, ya shiga hannun Fotugal a 2025? Isaac Nader, wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, shi ya lashe shi a Tokiyo, inda ya sha gaban Jake Wightman na Birtaniya da kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa.