Audugar Mata Da Maganin Ciwon Mara: Cinikin Da Ke Farawa Ranar Da Yarinya Ta Ga Al'ada

BAUCHI: A Kasuwar Wunti da Kasuwar Muda Lawal, da kuma shagunan tireda da ke unguwanni irin su Jahun da Yelwa da Fadaman Mada, akwai wata haja wadda ba a cika jin ana tallarta ba. Mai saye kan nuna ta da hannu, mai shago ya sa ta cikin baƙar leda, a biya kuɗi a rabu ba tare da doguwar magana ba. Wannan haja ita ce audugar mata. Duk da kunyar da ke tattare da cinikinta, tana cikin kayan masarufin da gida ba ya iya ɗage sayensu zuwa wani wata, domin buƙatarta ba ta jiran albashi ko kaka.

Cinikin yana farawa ne ranar da yarinya ta ga jinin haila na farko, kuma yakan ci gaba har shekaru 35 ko fiye. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ke sayar da wannan haja, ko maganin ciwon da ke zuwa tare da ita, yana da buƙatar sanin abin da yake sayarwa, da inda yake fitowa, da kuma halin da mai amfani da shi take ciki.

Abin Da Ake Sa Ran Gani A Farko

Likitoci sun nuna cewa yawancin 'yan mata kan fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15 da haihuwa, mafi yawa a wajen shekara 12 ko 13. Jinin kan zo ne kimanin shekara biyu zuwa uku bayan ƙirjin yarinya ya fara fitowa, kuma sau da yawa wani farin ruwa kan riga shi da 'yan watanni. Na farkon kan kasance kaɗan, wani lokaci launinsa ya yi duhu maimakon ja, kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai.

A shekaru biyu ko uku na farko al'adar ba ta cika tsayawa kan lokaci guda ba. Tazarar da ke tsakanin wannan da waccan kan kama daga kwana 21 zuwa 45, kuma wannan ba alamar cuta ba ce. Abin da ke buƙatar ganin likita shi ne idan yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko jinin ya wuce kwana bakwai, ko yana jiƙa auduga cikin sa'a ɗaya ko biyu, ko ya ɗauke har fiye da wata uku bayan ya fara, ko kuma ciwon ya kai ga hana ta zuwa makaranta wata bayan wata.

A Bauchi, kamar sauran garuruwan Arewa, yarinyar da ta halarci Islamiyya takan san hukuncin haila da wankan tsarki daga littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Risala. Abin da ake barinta a baya shi ne ɓangaren lafiya da na tanadi: sau nawa za ta canza auduga, wane magani ya dace, kuma wa zai ba da kuɗin. Uwa ko yaya ko gwaggo ce kan cike wannan giɓi, kuma daga hannunsu ne kuɗin ke isa ga mai shago.

Lissafin Gida

Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a canza auduga duk bayan sa'a huɗu zuwa shida. Idan aka ɗauki guda huɗu a rana har kwana biyar, mace ɗaya za ta buƙaci guda 20 a wata, wato fakiti biyu ko uku gwargwadon yawan da ke cikin kowane fakiti. A shekara abin zai kama fakiti 24 zuwa 36. Magidancin da ke da mata ɗaya da 'ya'ya mata uku da suka balaga zai iya buƙatar fakiti 100 ko fiye a shekara, ban da sabulu da magani. A tsawon rayuwarta, mace kan yi al'ada fiye da sau 400.

Idan aka auna wannan da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024, za a gane dalilin da ya sa gidaje da dama suka koma ga ƙunzugun tsumma, ko kuma yarinya ta riƙa kwana da wuni da auduga ɗaya. Illar hakan ita ce ƙaiƙayi da kumburin fata, da fargabar ɓata tufafi wadda kan sa ɗaliba ta gwammace zaman gida a kwanakin da take jini.

Inda Hajar Ke Fitowa

Duk da sunanta, audugar mata ta zamani ba ta da alaƙa sosai da audugar da manomi ke nomawa. Cikinta ɓargon itace ne da aka sarrafa ya yi laushi, da wani garin sinadari mai tsotse ruwa, sai shimfiɗa ta sama da leda ta ƙasa waɗanda ake samu daga man fetur. Akasarin waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka ko da an haɗa audugar a Nijeriya, farashinta yana bin dala.

Lokacin da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara kuɗin dako, alhali masana'antun suna Legas da Ogun, fiye da kilomita 1,000 daga Bauchi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024.

Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. A watan Disamba na 2023, kamfanin Procter & Gamble na Amurka, mai yin Always, ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Nijeriya da komawa ga shigo da su daga waje. A tsakiyar 2024 kuma kamfanin Kimberly-Clark, mai yin Kotex da Huggies, ya ba da sanarwar ficewa, shekara biyu kacal bayan buɗe masana'antarsa ta dala miliyan 100 a Ikorodu a 2022. Wannan ya ba da fili ga kamfanin Hayat na Turkiyya, mai masana'anta a Agbara ta jihar Ogun kuma mai yin Molped, da sauran samfura masu sauƙin kuɗi.

Ta fuskar haraji, Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari daga watan Fabrairu na 2020, ta keɓe audugar matan da aka yi a cikin gida daga wannan haraji. Kenya ta riga ta ɗauki irin wannan mataki tun 2004, Indiya ta bi a 2018, Afirka ta Kudu kuma a 2019. To sai dai abin da ya faru a Nijeriya ya nuna cewa rangwamen kashi 7.5 ba ya iya tare tashin da faɗuwar Naira ta haddasa.

Nauyin Da Ke Kan Mai Kemis

Haja ta biyu a wannan ciniki ita ce maganin ciwon mara. Ciwon na faruwa ne saboda wasu sinadarai da jiki ke fitarwa, waɗanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa domin fitar da jinin. Yakan fi tsanani a rana ta farko da ta biyu, ya sauka zuwa baya da cinyoyi, wani lokaci tare da tashin zuciya ko gudawa ko ciwon kai.

Kasancewar mutane da yawa sun fi saurin zuwa kemis fiye da asibiti, mai shagon magani ne kan zama wanda aka fara tambaya. Magungunan da aka sani suna rage waɗannan sinadarai sun haɗa da ibuprofen da mefenamic acid, kuma sun fi aiki idan aka sha su da zarar ciwon ko jinin ya fara, bayan an ci abinci, bisa ƙa'idar da ke jikin kwali. Ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma sukan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Ga irin waɗannan, farasitamol ya fi aminci. Bai kamata a haɗa iri biyu na dangin ibuprofen a lokaci guda ba, ba a kuma ba yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba asfirin. Tramadol da kodin ba su da gurbi a nan, kuma tun watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa cin kuɗi, kamar ɗora kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a kan mara, da tafiya a ƙasa ko motsa jiki mara tsanani, da isasshen barci. Abinci ma yana da muhimmanci, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyafo suna taimakawa wajen mayar da abin da aka rasa.

Mai kemis da ya ga uwa tana dawowa kowane wata tana neman magani mai ƙarfi fiye da na baya, abin da ya dace shi ne ya tura ta asibiti da 'yarta, ko cibiyar lafiya ta unguwa ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ciwon da ya ƙi jin magani kan iya zama alamar wata larura ta mahaifa wadda ƙwaya ba za ta warkar ba.

Damar Da Ke Gaban Masu Jari

Tsadar hajar da ake amfani da ita sau ɗaya ta buɗe ƙofa ga audugar da ake wankewa a sake amfani da ita. Ana ɗinka ta ne da yadi mai laushi a sama, da mai tsotse ruwa a tsakiya, da wanda ruwa ba ya ratsawa a ƙasa, kuma saiti ɗaya kan yi shekara guda ko fiye idan an kula da shi. Kamfanin AFRIpads na Uganda ya nuna cewa wannan sana'a tana iya girma ta zama masana'anta mai fitar da kaya zuwa wasu ƙasashe. A Indiya kuwa, Arunachalam Muruganantham na garin Coimbatore ya ƙera ƙaramin inji mai araha wanda ƙungiyoyin mata ke yin auduga da shi a ƙauyuka.

Bauchi tana da teloli da kekunan ɗinki, Kantin Kwari na Kano kuma bai fi tafiyar 'yan sa'o'i ba ga mai neman yadi a kan sari. Masu saye ma a shirye suke: makarantun kwana na 'yan mata, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin agaji irin su Plan International da suka gudanar da ayyukan tsaftar al'ada a jihar, da masu rabon kaya a Ranar Tsaftar Al'ada ta Duniya da ake yi kowace 28 ga Mayu tun 2014.

Sai dai sana'ar tana da sharuɗɗa. Wajibi ne yadin ya kasance mai inganci, a nemi rajistar hukumar NAFDAC, a kuma bi ma'aunin hukumar SON. Haka nan dole a rubuta wa mai saye yadda za ta wanke ta da sabulu ta shanya a rana har ta bushe sarai, domin wadda aka ɓoye a ɗaki da danshi saboda kunya takan zama sanadin cuta. Inda babu ruwa ko makewayi mai ƙofa, kamar yadda lamarin yake a wasu makarantu, hajar ba za ta yi amfanin da ake so ba.

Ga mai tireda kuwa, abin lura shi ne ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ya adana katan nesa da danshi da ƙura, ya kuma guji farke fakiti yana sayar da guda guda a buɗe. Shagon da ya ajiye mace mai jiran kanti, ko ya ware wa hajar gefe guda inda za a ɗauka ba sai an ambaci suna ba, shi zai fi jan masu saye. Yarinyar da aka yi wa ciniki cikin mutunci a watan farko takan dawo a wata na biyu, kuma sau da yawa tare da ƙannenta idan lokacinsu ya yi.