Ina Shamuwa Take Zuwa Da Kaka?

Da zarar gero ya shiga rumbu a ƙasar Bichi da Ɗambatta, sai shamuwa ta fara haramar tafiya. Kafin a yanke dawa, ta bar sheƙarta a kan kuka da tsamiya.

Ruwa take bi. Lokacin da damina take ƙarewa a nan, lokacin take sauka a kudancin Afirka. Sai ta tashi garke-garke, ta nufi ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe. A can ma fara da tsutsa take ci.

Amma a nan take yin ƙwai. Manomin da ya sare bishiyar da take kwana don itacen girki, ya kori mai cinye masa fara. Wajen watan Afrilu ko Mayu take dawowa, gab da shuka.