Shaihin Malamin Da Ya Kai Jami'a Ƙauye: Darasi Ga Ƙasar Zuru

A shekarar 1974 aka yi matsananciyar yunwa a ƙasar Bangladesh. A lokacin Muhammad Yunus, wanda aka haifa a 1940, yana shugabantar sashen nazarin tattalin arziki na Jami'ar Chittagong, bayan ya komo daga karatu a Amurka a 1972. Ganin yadda mutane ke mutuwa a gefen hanya, shi kuwa yana cikin aji yana koyar da ƙa'idojin arziki, ya sa ya ɗebi ɗalibansa suka shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da jami'ar.

A can ya tarar da mata masu saƙa kujerun gora, waɗanda ke cin bashin jari daga 'yan kasuwa bisa sharaɗin su sayar musu da kayan a kan farashin da suka ga dama. A 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa, suka kuwa biya. Daga nan aka samo Bankin Grameen, wato bankin ƙauye, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 1983. Ba ya neman jingina. Mata ne ke haɗuwa biyar-biyar, kowace tana sa wa 'yar'uwarta ido.

Bankin bai tsaya ga jari kaɗai ba. A 1984 ya soma ba da rancen gina gida mai ginshiƙan siminti huɗu da rufin kwano da masai, kuma sai an rubuta filin da sunan matar, don kada a wayi gari miji ya kore ta. Daga baya ya buɗe rance marar ruwa ga mabarata, su riƙa ɗaukar 'yan kayan talla gida-gida. A 2006 shi da bankin suka sami kyautar zaman lafiya ta Nobel. Ra'ayin da ya yi ta yaɗawa shi ne a kafa kamfanin da zai riƙe kansa, mai jari ya karɓi uwar kuɗinsa kawai, riba kuwa a mayar da ita cikin aikin taimakon.

Nijeriya ta gwada irin wannan a 1989, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Jama'a, amma a 2000 aka haɗe shi da bankin manoma.

To, ƙasar Zuru fa? Hare-haren 'yan bindiga a Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai sun raba iyalai da yawa da gidajensu da gonakinsu. Sadakar hatsi tana kashe yunwar yini, amma ba ta mayar da mutum ƙarƙashin rufinsa. Jama'ar nan kuwa sun san aikin haɗin kai tun kaka da kakanni, ga gwalmo na samarin Lelna, ga gayya, ga adashin mata. Ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020. Abin da ya rage shi ne malamanta da ɗalibanta su fita su ƙidaya masu gudun hijira, su san sana'ar kowa da jarin da yake bukata, su miƙa wa hukuma da masu hannu da shuni. Allah ya sa a yi.