Babbaƙun Ibrananci da Hisabin Malaman Ƙasar Hausa

Almajirin da ya fara karatun allo a Wasagu, kamar takwaransa na Sakkwato ko Zariya, yakan soma da babbaƙu, wato haruffa zalla, kafin malam ya kai shi ga farfaru inda ake ɗora musu wasula, kuma a kan irin wannan tsari aka gina rubutun Ibrananci, ɗan'uwan Larabci. Haruffansa 22 ne, dukkansu baƙaƙe, ana rubuta su daga dama zuwa hagu, ɗigogin wasula kuwa malaman Yahudawa ne suka ƙara su daga baya, aikin da ya kammala a garin Tibariya wajen ƙarni na 10. Yawancin kalmomi suna tsirowa daga saiwa mai baƙi uku, ta yadda sh-l-m ta haifi shalom kamar yadda s-l-m ta haifi salamu da Musulmi. Kiristocin ƙasar Zuru ma suna da rabonsu, domin Zabura ta 119 an kasa ta kashi 22 bisa jerin waɗannan haruffa, kowane kashi da aya takwas.

Kusancin ya fi fitowa a lissafi, domin kowane harafi yana ɗauke da adadi, daga alef mai 1 zuwa taw mai 400, kuma tattara adadin kalma don neman ma'anarta shi ake kira gematriya. Kalmar ehad, wato ɗaya, da ahaba, wato ƙauna, kowacce tana ba da 13, sai masu tafsiri suka ƙulla dangantaka tsakaninsu. Malaman hisabi a nan sun san wannan hanya, har Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu mai zurfi kan hatimi.

Sai dai adadin al'ada ce ta mutane, ba ɗabi'ar harafi ba. Daga alif zuwa nun, wato 1 zuwa 50, jerin Ibrananci da abajada ta Larabci sun yi daidai, amma shin, wanda yake 300 a Ibrananci da lissafin Gabas, 1000 ne a lissafin Magariba da malamanmu suka gada. Shi ya sa ramzi, wato ɓoye shekara cikin haruffa a ƙarshen waƙa, yake buƙatar shin a rubuce-rubucen Sakkwato, inda 1232 ta Hijira, shekarar rasuwar Shehu Usmanu, take fitowa daga shin da ra da lam da ba.